Shekarar da Muka Kai Jakin Inna Gungu

Da zarar an ɗaure gero an kai dawa rumbu, tafin ƙafata yakan fara ƙaiƙayi. Jikata da ke aikin jinya ta duba ta ce ba ta ga komai ba sai kaushi. Ni dai na san abin da ke damuna. Lokacin tashi ne ya yi, kuma babu inda za ni. Tun da tsaro ya taɓarɓare hanya ta lalace muka baro Unguwar Lalle muka tare cikin Sabon Birni, iyakar tafiyata daga ƙofar gida zuwa masallaci, daga masallaci zuwa bakin gulbi, in tsaya in kalli yashi in juyo. Garin Isa da muke takawa a ƙasa muna hira, mu ci kasuwa mu kwana mu dawo, yau sai an yi tambaya, an jira abokan tafiya, an yi addu'a kamar masu shirin ƙetare hamada. Abin da ya fi tsaya mini a rai kuwa shi ne shirun safiya. A da, kafin ladan ya sauke murya jakuna sun ɗauka, wannan ya yi kuka daga gabas wancan ya amsa daga yamma, kana kwance ka san na gidan wane ne. Yanzu babura ke tashe mu, su kuwa duk muryarsu ɗaya.

A zamaninmu, in kaka ta wuce gari yakan zube. Tsofaffi na cewa zaman gida da rani sai mai jego da mai furfura. Saurayi ya naɗe tabarma, ya rataya burgaminsa na fatar akuya a baya, ya cika gora da ruwa, ya kama hanya cin rani. Ba kuɗi kaɗai ake nema ba. Bakin da ya bar gida ya rage wa rumbu nauyi, hatsin da bai ci ba shi za a ci da damina. Doka ɗaya ce kowa ya sani ba sai an faɗa masa ba: duk inda ka kai, kada ruwan shuka ya riga ka gida.

Ni ba a taɓa sa ni cikin masu tafiya ba. Ɗan makaranta ne ni, mai yawan shiru, irin wanda in baƙo ya yi sallama sai ya nemi bayan rumbu. Na gama karatun da ke kusa da mu, ina jiran kira zuwa makarantar horon malamai a Sakkwato, kiran kuwa ya ƙi zuwa. Kullum ina zaure da littafi, ina karanta labarin ƙasashe da koguna, ƙafata tana kaɗawa ban sani ba. Wanda ya lura da wannan kaɗawa shi ne Bawa, taubashina, ɗan kawuna na Tsamaye. Tsaranmu ɗaya, amma bakinsa ya ishi mutum uku. Tun muna ƙanana ya raɗa mini suna Kurum, har sunan ya kusa cinye na yanka.

Mahaifina ya rasu ina ƙarami, ya bar wa Inna gona biyu, ta bayan gida da ta jigawa, da wani baƙin jaki da muke kira Duna. Ƙasarmu yashi ce, in ba ta sha taki ba ba ta ba ka komai sai kara. Duna shi ke kai takin nan cikin mangala duk bazara, shi ke ɗebo ruwa, shi ke kai gero kasuwa. Amma yana da hali. Sanda ba ta tashinsa, ko za ka karya ta a bayansa. Abu ɗaya yake ji, faɗan Inna. Ita kuwa ba ta taɓa dukansa ba. Daga ƙofar gida har gona tana biye da shi tana zuba masa: “Tahi, baƙin mugu! Tahi, mai kunnuwa kamar faifai! Ka ci dusata ka sha ruwana, kana tahiya kamar mai zuwa gaisuwar surukai!” Shi kuma sai ya miƙe kunne ya kama sauri, kai ka ce kirari ake masa.

Wata safiya Bawa ya zo ya durƙusa gabanta tana tankaɗe.

“Gwaggo, ki ba mu aron Duna mu tahi cin rani, ni da Kurum. Mai jaki ba shi rasa aiki.”

“Kai Bawa, bakinka ya hi ƙahwarka sauri. Wa ka kai man taki in kun tahi da shi?”

“Kahin bazara ta nuna mun dawo. In na yi ƙarya ki aske man kai da ɓawon kwalba.”

“Wanga kan naka mai kama da tulu? Kwalba ta hi shi daraja.”

Ta ci gaba da tankaɗenta har na ɗauka magana ta mutu. Can ta ɗago ta dube ni, ba shi ba. Ta ce, “Ba Bawa na ba aro ba, kai na ba. Ka maido man shi da ƙahwahunai huɗu, da sauran kwanakin kai taki. In ba shi, bana ba mu da gero.” Na ce to. Iyakar abin da na ce ke nan, amma ta san nauyin “to” ɗina.

Muka bi ta Isa, muka ƙetare gulbin Bunsuru a kan busasshen yashi, muka yi kudu maso yamma. Ba mu da wani gari a rai. Inda aiki ya tare mu nan muke sauka. Mun yi jigilar karan dawa, mun kai tubali wurin masu gini, mun ɗebo wa wata mai ƙosai itace ta biya mu da ƙosai har Bawa ya rantse ba ya ƙara kallon wake. Mu kwana a zauren mai unguwa, da asuba mu ɗaura wa Duna akumari mu wuce. Da yake ba ya jin sanda, Bawa ne ya ɗauki aikin Inna. Ya matse murya ya mayar da ita ta tsohuwa, yana tafe yana zagin jaki, mata a bakin rijiya suna dariya har suna sakin guga. Ni kuwa sai in ja da baya, in yi kamar ba tare muke ba. Yakan juyo ya ce, “Kurum, uwar taka ce hwa, kai ya kamata ka gaji muryar.” In sunkuyar da kai. Amma wani abu ya same ni a hanyar nan wanda ban gaya wa kowa ba. Duk garin da muka kwana biyu, sai in ji ya ishe ni. In na hango hanya ta sha kwana bayan wata kuka, sai in ji kamar an ɗaura mini igiya a ƙirji ana ja. Bawa mai surutu tun a mako na biyu ya fara zancen furar gida. Ni da aka fitar da ƙyar, ni ne kullum mai cewa mu ƙara gaba.

Haka muka yi ta ƙara gaba har ƙasar Yawuri, inda muka yi karo da kogin Kwara. Ban taɓa ganin ruwa irin wannan ba, wanda ba ka iya gane fuskar mutumin da ke wancan ƙetaren. A kasuwar bakin ruwa aka ba mu labarin wani gungu, wato tsibiri a tsakiyar kogin, mai girman da sai ka yi kwanaki kana tafiya ba ka zagaye shi ba. Aka ce akwai garuruwa a kansa, ana noman albasa, kuma ba su da jakuna, duk abin da jirgin ruwa bai kai ba a ka ake ɗauka. Ta ɓangarenmu wani reshen kogi ne ya raba shi da tudu, ruwan kuwa a lokacin bai wuce cinya ba. A bakin mashigin muka tarar da wani dattijo mai jirgi yana ɗinkin komar kamun kifi, sunansa Baba Gado. Ya dube mu, ya dubi zanen fuskarmu, ya dubi jaki.

“Gobirawa, ina za ku da wanga bawan Allah?”

“Gungu, Baba,” in ji Bawa. “Sai bazara mu hito.”

“To ruwa na tahe.”

Mu duka biyu muka ɗaga kai sama. Ko gajimare kamar tafin hannu babu. Bawa ya yi dariya ya ce, “Baba, yanzu aka gama girbi. A garinmu in an gama girbi gulbi mutuwa shikai, har rijiya muke gina cikin cikinai. Ran da za mu hito ƙila ko takalmi ba mu cirewa.”

Dattijon ya ciji zarensa ya ce, “Allah shi kai mu.”

Ba rainin wayo ba ne ya sa muka ƙi ji. Abin da muka sani ke nan tun haihuwa. Gulbinmu na Sabon Birni da Bunsuru na Isa da damina suke hauka, da rani kuwa yara ke wasan langa a tsakiyarsu. A wurin Bagobiri, rani da raguwar ruwa abu ɗaya ne, kamar dare da duhu. Bawa ya saki muryar Inna, Duna ya shiga ruwan yana tsuke jiki, muka haye.

Kwanakin da na yi a gungun nan su ne nake komawa in barci ya ƙi zuwa. Garuruwansa ƙanana ne, a jere a gefen ruwa, kowane da warin bandar kifi da hayaƙin da ke kwanciya a kan rufin ciyawa. Mutanen suna da yarensu, amma suna jin Hausa, kuma ba su da rowar masauki. Yara suka riƙa bin Duna gari zuwa gari, wasu ba su taɓa taɓa kunnen jaki ba. Aiki kuwa har ya yi mana yawa. Mu kai toka da kashin awaki fadamun albasa, mu kwaso itacen banda daga cikin daji, mu ɗauko wa mata masu ginin tukwane yumɓu daga wani kwari. In Duna na hutawa, mu shiga ban ruwa da ƙwarya, kwami bayan kwami, har baya ya ƙage. Tsakanin gari da gari kuwa daji ne wanda ba irin namu ba, ciyawa ta fi mutum tsawo, giginya ta yi sahu, birai suna jifanmu da ƙwallo. Da hantsi sai ka ji dorina ta yi gurnani a cikin ruwa kamar ana jan turmi a kan dutse. Ranar da Bawa ya fara jin ta, sai da ya hau kan jaki. Na ƙudura a raina sai na zagaye gungun nan kaf da ƙafata. Muka bi gabas muka yi arewa, muka gangaro ta yamma. Abin da ya rage shi ne wutsiyarsa ta kudu, inda aka ce kurmi ne mai duhu, da wani ƙauyen masu cin zuma a ƙarshensa, wurin da ruwan gabas da na yamma ke sake gamuwa. Na bar shi sai ƙarshe, kamar yadda yaro ke ajiye tsokar nama sai ya gama tuwo.

Ni mutum ne mai son ganin komai da idona. Ranar da muka haye, na kafa karan dawa a daidai bakin ruwa, don in ga yadda zai riƙa ja da baya. Da zagayenmu ya dawo da mu mashigin, sanyi ya kankama, na nemi karan na rasa. Na ce yara ne suka cire. Na kafa wani, na yi masa tsaga da wuƙa a daidai inda ruwa ya tsaya. Da safe na tarar tsagar ta nutse. Na kira Bawa, ya leƙa ya ce, “Kurum, duk karatun nan naka ko kara ba ka iya kahwawa ba? Laka ce ta ja shi.” Na koma kan tudu mai tauri na kafa na uku. Kwana kaɗan shi ma ruwa ya zo ya same shi. Ba hadari, ba iska, ba ko ɗigo daga sama, leɓunanmu suna tsagewa don bushewa, ga kogi yana hawa a hankali kamar ana hura shi daga ƙasa. Launinsa ma ya sauya, ya bar ja irin na damina ya yi duhu, ya yi tsit. Inda muka taka da ƙafa, yanzu Baba Gado yana tura gorar tuƙinsa har ta kusa ƙarewa. Na yi ta maza na tambaye shi, karo na farko da na fara yi masa magana ba ta bakin Bawa ba.

Ya ce, “Baƙin ruwa ke nan. Can yamma mai nisa aka yi damina tai, sai yanzu ya iso. Baƙo ne kamar ku, shi ma cin rani ya zo.”

Ko da muka ji haka, ba mu daddara ba. Muka ce ai komai taurin kansa rani ya fi shi, bari zafi ya sauko ya gani. Muka koma aikinmu, aka fara cirar albasa, Duna yana ta jigila daga fadama zuwa bakin jirage. Sanyi ya wuce, zafi ya sauko, ruwan ya ja da baya da abin da bai fi kamu ɗaya ba ya tsaya. Wata ranar muna ɗaure buhu, inuwa ta gifta a kanmu. Na ɗaga kai, sai ga shamuwa, garke guda, sun miƙe wuya sun nufi arewa. Duk ɗan Gobir ya san abin da ke bin bayan shamuwa. Bawa ya saki igiyar da ke hannunsa ya ce, “Kurum, sun riga mu.” Muka ruga wurin Baba Gado. Ya ce mashigin nan ba ya takuwa da ƙafa sai an yi shuka a ƙasarmu an fara noman farko.

Muka gwada abin da kowa zai gwada. Samari suka taru aka kayar da Duna, aka ɗaure ƙafafunsa, aka cicciɓe shi zuwa babban jirgi. Yana jin katako na rawa a ƙarƙashinsa ya tsinke igiya, ya yi harbi ɗaya da ya tsaga gefen jirgin, ya faɗo tudu yana rawar jiki. Baba Gado ya shafa tsagar ya ce ko Sarkin Gobir ne ya aiko, jakin nan ba ya sake shiga jirginsa. Da yamma wani mai fadama ya zo ya ce mu bar masa jakin, ya ba mu albasa da rago. Bawa ya ja ni gefe.

“Mu karɓa. In mun kai Isa mu sai ma Gwaggo wani, ko hwari ko ja. Jaki dai jaki ne.”

“Ba wani ta ce ba.”

“To zauna nan ka auri dorina! Ni na gaji da kihi, Kurum. Kihi da sahe, kihi da dare, har gumina ƙarni shikai.”

Akwai hanya ta uku da ban faɗa masa ba, ita ce kuwa zuciyata ta fi so: mu jira ruwan ya faɗi, ni kuma in samu in taka wutsiyar kudu. Da sassafe na je har inda hanyarta ta rabu, na tsaya ina kallon yadda ta shige cikin ciyawa. Tafiyar yini biyu ce kawai, in ji su. Igiyar nan ta ƙirjina tana ja. Amma duk lokacin da na ɗaga ƙafa sai in ga tulin takin Inna a bayan gida, yana jiran mangala. Na juyo.

Baba Gado ne ya kawo dabara. Ya ce shanun Fulani da kansu suke iyo, jaki kuwa bai taɓa gwadawa ba, amma a ɗaura masa manyan gorunan da masunta ke kwanciya a kai, ɗaya dama ɗaya hagu, mutum ɗaya ya zauna a gindin jirgi ya riƙe kansa sama. Sauran kuma sai jakin ya taimaki kansa da ƙafafunsa. Da hantsi duk garin ya fito kallo, har mata da goyo. Aka tura Duna ruwa da ƙyar, ni na riƙe ragamarsa a gindin jirgi, Bawa yana tsakiya don ya yi masa faɗan Inna. Da farko lafiya lau. Amma da muka rabu da gaɓa, jirgi ya fara lilo, baƙin ruwa ya kewaye mu ta ko'ina, sai na ji faɗan ya yanke. Na waiga, na ga Bawa ya kifa ciki a ƙasan jirgi ya rufe kai da hannu biyu, ba abin da ke fita bakinsa sai salati, shi ma a ciki-ciki. Duna ya ji shiru. Ya ƙara harbi biyu uku ya daina. Gindinsa ya fara nutsewa, gorunan suka zame suka taru a wuyansa, nauyinsa ya karkato jirgin har ruwa ya fara shigowa. Hancinsa kaɗai ke waje, idonsa ya yi fari, ragama tana yanka mini tafi.

Baba Gado ya daka tsawa, “Ku yi mai magana! In ya saki jiki ya tahi, kuma ba ni bari shi kihe man jirgi. Za ni yanke igiyar!” Na ga wuƙar a hannunsa. Na shuri Bawa da ƙafa, ya ƙara ƙanƙame katako.

Ban san lokacin da bakina ya buɗe ba. Abin da na sani, wata murya ta fito daga maƙogwarona, siririya mai kaifi, wadda ba tawa ba. “Tashi, baƙin mugu! Tashi, mai kunnuwa kamar faifai! Nan za ka mutu ka bar man taki a ƙohwar gida? Ka ci dusata ka sha ruwana, ɗan banza mai cikin tulu, shura ƙahwa ko in ci mutuncinka!” Kunne ɗaya ya motsa. Na ƙara murya. Na zage shi da duk abin da na taɓa ji Inna ta faɗa, na ƙaro waɗanda ita ma ba ta sani ba, na zagi uwarsa da ubansa da kasuwar da aka sayo shi. Sai na ji ragamar ta yi sauƙi. Yana shuri. Daga gaɓar da muka baro dariya ta taso ta biyo mu a kan ruwa, mata suna guɗa, yara suna maimaita zagin. Ni da ban iya amsa sallamar baƙo ba, ga ni ina ihu da muryar mace gaban gari guda, kuma ban isa in tsaya ba, don da na ja numfashi sai kunnuwan su fara kwanciya. Haka muka yi har kofatonsa ya taɓa ƙasa. Ya fito yana tangaɗi, ya girgije, ya yi wani kuka mai tsawo. Baba Gado ya mayar da wuƙarsa kube, yana share hawayen dariya, ya ce, “Yaro, wagga tsohuwa da ke cikin maƙoshinka, in ka kai gida ka gaishe ta.” Bawa ya rarrafo tudu ya sumbaci yashi, ya ce shi addu'arsa ce ta fitar da mu.

Komawar ba ta yi kama da zuwan ba. Ba mu tsaya aiki ko'ina ba. Muna tafe, gabas tana haɗa baƙin hadari da la'asar tana watsewa, iska tana kawo ƙanshin ƙasar da ta sha ruwa a wani wuri. Muryata ta dushe, Bawa ya karɓi aikinsa. Da muka shiga Unguwar Lalle mun tarar kowa ya gama sharar gona. Inna tana ƙofar gida. Ba ta dube ni ba sai da ta zagaye Duna, ta ɗaga ƙafafunsa ɗaya bayan ɗaya, ta shafa inda igiyar goruna ta ci masa fata. Kafin ta tambaya Bawa ya zauna ya kwashe labari duka, ban da kifa cikinsa, har yana kwaikwayon yadda na kwaikwaye ta. Ta saurara ba ta yi dariya ba. Da ya gama ta ce, “Ni na taɓa zagin uwatai?” Na ce a'a. Ta ce, “To kada ka ƙara. Tunda ashe kana da baki, gobe kai za ka kora shi gona.”

Mun samu mun kai wa gonar bayan gida takinta. Muna shirin fara ta jigawa ruwan shuka ya sauka. A shekarar nan geron jigawa bai wuce ƙugu ba, zangarniyarsa kamar yatsa, kuma kafin sabon hatsi ya nuna sai da muka haɗa da tafasa da rama. Inna ba ta taɓa cewa don mun makara ne ba. Ni ma ban ce ba. Amma duk wanda ya bi ta gefen gonar ya san inda jaki ya kai da inda bai kai ba.

Kiran makaranta ya zo bayan damina. Na yi karatu, na zama malami, muryar da na samo a tsakiyar Kwara ita na ci abinci da ita a gaban allo har na yi ritaya. Kowace kaka nakan ce bana za ni koma in taka wutsiyar nan ta kudu, yini biyu ne kawai. Wata shekara jarrabawa, wata shekara aure, wata shekara rashin lafiyar Inna. Ina cikin bana da baɗi aka gina babbar madatsa a ƙasan kogin, ruwa ya taru ya hau, aka kwashe mutanen gungu aka yi musu sababbin garuruwa a tudu. Wani ɗan kasuwar albasa ya gaya mini cewa yanzu jirage ke wucewa ta kan giginyun. Jikokina ma suna cin rani, ban ce ba sa yi ba. Su rataya jaka a baya, su shiga mota da la'asar, gari ya waye musu a Kurmi, can kudancin ƙasa, su bugo waya su ce sun sauka. Abin da ke tsakanin nan da can ba su san shi ba, kuma ba laifinsu ba ne, hanyar yanzu ba ta son mai tsayawa.

Bawa yana nan, shi ma Tsamaye ta gagare shi zama, gidansa yana bayan namu. Kunnensa ya yi nauyi amma bakin bai rage komai ba. Jiya da la'asar ya bi ni har bakin gulbi, muka tsaya muna kallon yashi da sawun babura a kansa. Ya ga ina ta sauya ƙafa, ina kallon inda hanya ta haye ta ɓace.

Ya ce, “Kurum, kahwa kara mu gani, ƙila wanga ma shi taso.”

Na ce masa ya ji tsoron Allah, wanda ya kifa ciki a jirgi ba shi da bakin zancen ruwa. Ya ce bai ji ba. Da ya juya ya kama hanyar gida, na soka sandata cikin yashin, na tsaya riƙe da ita har aka kira magariba.